Bangon da Iya Ke Jingina

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Yagana, wadda duk Zaitawa ke kira Iya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi irin na ɗa ga mahaifiya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kin fi mu samun wurin zama mai kyan gani, domin mu dai a nan namu ya lalace.

Na sani sarai ba za ki karanta wannan takarda ba. Har yau ba a samu ɗan aiken da ke zuwa inda kike ya komo ba. Ko da ma kina raye ba karantawa za ki yi ba, sai dai a karanta miki, kuma da an ce daga wurina ta fito za ki kau da kai ki ce a ajiye tukuna, kina da aiki. Duk da haka zan rubuta. Akwai ɓacin ran da ba ya sauka sai an kai ƙara, ni kuwa na duba gabas na duba yamma, ban ga hukumar da ke sauraron irin tawa ƙarar ba sai ke.

Bari in fara da labarin gari, kamar yadda tsarin wasiƙa ya tanada. Soja sun koma bariki, Iya. Mulki ya dawo hannun farar hula, kuma autanki Sabi'u na cikin waɗanda rabo ya faɗa wa. Shi ne kansilan mazaɓarmu. Yaron nan da kika yi ta goyo har ƙafafunsa na jan ƙasa, yanzu ba a kiran sunansa sai an fara ɗora masa Honarabul, kamar yadda ake ɗora gammo kafin kaya. Gwaggo Asabe, aminiyarki, tana nan. Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa biki, amma bai hana ta sanin abin da aka ci a can da wadda ba a gaisar ba. Rijiyarmu ba ta ƙafe ba bana. Kwatar Jakara na nan da warinta, ita kaɗai ce a garin nan ba ta canza jam'iyya ba.

To, ga ƙarar tawa.

Ba a daɗe da rantsar da shi ba, Honarabul ya wayi gari ya gano cewa gidan da aka yanke masa cibi bai dace da shi ba. Wai manyan baƙi za su riƙa zuwa, wai kada a ce kansila na kwana a gidan tarihi. Ya ɗauko wani matashi da ake kira Nasiru Dubai, wanda a faɗarsa sana'arsa ita ce ƙawata ɗaki. Na yi bincike irin na masana, na tabbatar bai taɓa taka Dubai ba, ya dai taɓa raka wani filin jirgi. Yana yawo da hotunan ɗakunan Turawa da na Larabawa da ya yayyanko daga mujallu, yana buɗe wa mutane su da ƙasaita kamar mai nuna taswirar Aljanna. Duk abin da ya duba a gidanmu sai ya kama haɓa, ya girgiza kai, ya ce ai wannan an daina yayinsa. Ya faɗi haka a kan dakali, ya faɗa a kan randa, har na fara fargabar ranar da zai juyo ya dube ni.

Kin san ni da karatu, Iya, ko da yake ba ki taɓa yaba mini a gabana ba. Na karanta yadda mayaƙan Tattar suka shiga Bagadaza, na karanta yadda Andalus ta suɓuce. Amma su waɗancan suna da mutunci guda: ba su ce gyara suka zo yi ba.

Da zaure aka fara. An fasa dakalin da Baba ke zama, an naɗe tabarmi an ba almajiran maƙwabta su yi ta fama. An shigo da wasu kujeru masu hannu kamar kan zaki, an shafa musu ruwan gwal, kuma an hana cire ledar da suka zo da ita don kada su tsufa. In mutum ya zauna, ledar ta yi wani sauti da ba a yi a gaban surukai. In ya miƙe, ta biyo shi. Da idona na ga limamin unguwa, dattijo mai kamun kai, ya tashi bayan addu'a babbar rigarsa na manne da kujera, ya tsaya yana salati yana ɓamɓarar kansa. Daga sama an rato wata fitila mai ƙwayaye da yawa da tarkacen gilashi na lilo, irin wadda aka ƙera don fadar da doki zai shiga da mahayinsa. A namu zauren, aikinta shi ne tuɓe wa baƙi hula. Haske kuwa sai ranar da aka tuna da mu aka kawo wuta.

A bangon kudu, inda babu taga, an rataya labule mai hawa-hawa da geza, domin baƙo ya zaci akwai taga. Na ɗaga, na ga bango. Na saki, na yi istigfari. A bangon arewa an manna hoton wani dutse mai ƙanƙara da ruwa na kwarara daga kansa, a garin da in bazara ta tsaya ƙadangare ma ɗage ƙafa yake yi. A ƙarƙashin hoton, don kada baƙo ya ji sanyin ƙanƙarar, an kafa murhun jin ɗumi irin na Turawa, na katako, da jan ƙwan lantarki a ciki a madadin garwashi. Murhun jin ɗumi, Iya, a cikin birnin Kano! An jera furannin roba a kowace kusurwa, ba sa tsiro, ba sa ƙamshi, ba su ma da kunyar da za su bushe. Akwai kuma agogo mai kiran salla, wanda ke bin lokacin ƙasar da aka ƙera shi, yana kiran magariba muna tsakiyar cin abincin rana.

Zanen da ke fuskar gidan, wanda magina suka fitar da hannu tun zamanin kakanmu, an bi shi da siminti an shafe sumul. Sannan aka zo da fenti. Nasiru ya kira launin da wani suna na Turanci mai tsawo, ya lumshe ido yana faɗa. Ni dai na san launin. Shi ne na maganin ciwon cikin nan da kike ɗura mana da cokali kina danne mana hanci. Yanzu duk wanda ya shigo lungunmu sai ya ji cikinsa ya murɗa, bai san dalili ba.

Duk wannan na haƙura. Na ce zaure na jama'a ne, kuma tunda jama'a suka zaɓe shi, su zauna a kan ledar su ji a jikinsu.

Sai aka iso ɗakinki.

Kin san a rabon gida sashenki hannun Sabi'u ya faɗa. Ni na ɗauki na wajen rijiya. Da na buɗe baki na nema da an ba ni, amma ta yaya ɗan fari zai tsaya gaban dangi ya ce ɗakin uwarsa yake so? Ashe kunyar da kika koya mini ba ta bi ki kabari ba, a wurina kika bar ta. Honarabul ya yanke cewa ɗakin zai zama falon ganawa da baƙi na musamman, wato waɗanda ba a so a ji abin da ake faɗa musu.

An sauke jerenki. Tasoshin nan na jan ƙarfe da kike gogewa da toka da tsamiya har mutum ya ga haƙoransa a ciki, da languna masu fure, da samiru, da fantekar da kika zo da ita daga gidanku, duk an ɗura a buhu kamar gawayi an kai ɗakin kaji. An kwance gado mai rumfa. Bakan gizon da ke riƙe da rufin, wanda muna yara muke kwance muna bin layinsa da ido har barci ya ɗauke mu, an rufe shi da silin, don wai ya yi kama da kogo. Kina tuna ƙamshin ɗakin? Turaren wutan da kike haɗawa da hannunki, irin na mutanenku na Barno, ya shiga azara ya shiga bango, har bayan rasuwarki in aka buɗe ƙofa sai a ji kamar yanzu kika fita kewaye. Nasiru ya ce warin tsufa ne. Ya kawo wani abin fesawa a gwangwani. Yanzu ɗakin na ƙamshin wurin da ake wa yara allura.

Wannan ma na haɗiye. Abu guda ne ya gagare ni haɗiya, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A bangon da ke kusa da ƙofa, daidai tsayin kan mutum in yana zaune, akwai wani tabo baƙi-baƙi, kewayayye, bai fi faɗin faifai ba. Nan kike jingina. Man shanun kitsonki ne ya riƙa ratsa ɗankwali yana shiga farar ƙasa, shekara da shekaru, kina kaɗi, kina tsince shinkafa, kina jan carbi, kina yanke wa matan unguwa hukunci. Ƙila ke ba ki ma san da shi ba, tunda a bayanki yake. Ni kuwa a gabana yake.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ni ɗan fari ne, ba ki taɓa kiran sunana ba. In kina so a kira ni sai ki ce a ce wa wancan ya zo. In na zo gaishe ki, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ke kina duban tabarma, ni kuma ba ni da ikon zuba miki ido. To ina zan sa idon nawa? Sai na ɗora shi a bango, ɗan sama da kanki, inda gefen tabon ke leƙowa. Shi na yi ta gaisarwa tun ina yaro har na yi furfura. Shi na gaya wa na ci jarrabawa. Shi na gaya wa an ba ni aikin koyarwa, da an haifa mini 'ya, da ranar da 'yar ta koma. Rannan ban ga fuskarki ba, na dai ga kanki ya rabu da bangon kamar za ki taso, ya daɗe a haka, sannan ya koma. Wannan ita ce runguma mafi girma da na taɓa samu daga gare ki, kuma ta ishe ni. Wallahi, Iya, in na rufe ido ina neman kamanninki, hanci da baki sukan ɓace mini. Tabon nan kuwa na san shi kamar tafin hannuna. Shi Sabi'u me zai yi da bango? A cinyarki ya girma, ya san fuskarki, ya ja kunnenki, ya ci daga bakinki. Ni abin da na gada ke nan.

Na sa babbar riga, na shirya jawabi mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, na tafi wurin Honarabul kamar kowane talaka. Na jira a kan leda. Da aka ba ni dama na yi bayani a kan matsayin kufai a wurin al'ummomin da suka san kansu, na kawo misalai daga ƙasashe daban-daban. Na roƙi a bar mini faɗin faifai guda a cikin gida gaba ɗaya. Ya saurare ni yana kaɗa mukullin mota, sannan ya yi dariya ya ce haba Yaya, datti ne fa, datti kake so a yi wa katanga? Ya ce in hoton Iya nake so, akwai na fasfo ɗin Hajji, zai sa a faɗaɗa shi a sa masa firam mai ruwan gwal. Nasiru ya sa baki, wai ai Baba Malam in ya ga an gama shi da kansa zai sa albarka. Baba Malam! Ni da ban haife shi ba, kuma ina gode wa Allah a kan hakan. Ban iya gaya musu abin da na gaya miki yanzu ba. Ta yaya namiji mai jikoki zai ce wa ƙaninsa bai san fuskar uwarsu ba?

Aka shafa fenti. Na tsaya a tsakar gida ina jin ƙarar burushi kamar a bayana ake ja.

Amma ashe ba ki gama ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga tabon ya fito ta cikin fentin, a hankali, kamar yadda kike fitowa in kin ji ana raɗa a zaure. Nasiru ya ce ruwa aka cika wa fentin, ya sake shafawa da kauri. Kika sake fitowa. Ya canzo wani mai tsada mai ƙyalli. Kika fito, har kin fi da girma. Ni mutum ne mai ilimi, na san mai ba ya zama ƙarƙashin fenti, dole ya taso, kuma haka na bayyana wa duk wanda ya tambaye ni, da murya irin ta aji. Amma in na koma sashena sai in rufe ƙofa in yi dariya har da riƙe ciki. Rabona da irin wannan farin ciki tun kina nan.

Labari ya zaga. Matan Zaitawa, har da na Sheshe, suka riƙa shigowa wai sun zo yi wa matar Honarabul murnar gyaran gida, alhali bango suka zo gani. Gwaggo Asabe, wadda gwiwa ta hana zuwa sunan jikarta, sai ga ta an riƙo ta. Ta dafa ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ai ita ta sani, Yagana ba ta taɓa tashi ta ba wani wurin zamanta ba tana raye, ba kuwa za ta fara don ta mutu ba. Ta ce wa Nasiru ya je ya shafa wa uwarsa fenti ya gani in za ta yarda. Na so in sa a rubuta wannan jawabi a ajiye don amfanin 'yan baya.

Abin da ya kashe mu shi ne siyasa. 'Yan hamayya suka ɗauki zancen suka kai shi teburin mai shayi, wai uwar kansila ma ta ƙi amincewa da shi, an shafe ta ta ƙi shafuwa. Aka fara yi masa waƙa a lungu. Kin san autanki, yana iya jure fushin Allah amma ba ya iya jure dariyar mutane. Ranar wata Asabar na tafi ɗaurin aure bayan gari. Kafin in dawo an sa guduma da kurfi an farfashe bangon tun daga ƙasa har sama da kai, an yaɓa siminti, an lilliƙa tayil fari fat, irin na banɗakin asibiti.

Na shiga, na zauna a ƙasa a wurinki, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na cire hula na jingina ƙeyata. Sanyi kawai na ji. Da na tashi na waiwaya, akwai ɗan gumi a wurin, kafin in gama sa hula ya bushe. Nasiru, yana tsaye yana murmushi, ya ce kyan tayil ke nan, ko shekara nawa mutum zai yi yana jingina, tsumma ɗaya ya isa. Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa jin gaskiyar da ta tayar mini da zuciya irin wannan ba. Sun gina ɗakin da ba wanda zai taɓa zama a cikinsa har a san ya zauna. Wannan shi ne ci gaban da muka yi layi a rana muka zaɓa?

Na tambayi inda aka kai ɓaraguzan. A nan ne, Iya, nake so ki gyara zama.

Kin tuna ramin nan na ƙofar gida, inda ruwa ke kwanciya da damina har agwagin maƙwabta su yi iyo? A ciki aka juye. Aka bi da shebur aka daddaɓe. Da Honarabul ya fito ya ga wurin ya yi lebur, sai basira ta sauko masa. Washegari aka kafa rumfa, aka ɗauko maroƙi, aka ɗaura ƙyalle a bakin lungu aka yanka da almakashi. Ya hau benci ya sanar da jama'a cewa wannan shi ne aikinsa na farko, an cike ramin da ya gagari gwamnatocin soja, kuma kaɗan ke nan daga romon dimokuraɗiyya. Aka yi tafi. Aka yi guɗa. Aka raba lemo. Sannan ya sauko ya taka wurin da takalminsa mai tsini, ya yi tsalle a kai sau da yawa don mutane su ga ƙwarin aikin.

Ban san ta wace kusurwa kike ba a cikin ramin. Ko kina fuskantar sama, ko kina kife? Na so in tona, amma me zan ce ina nema? Saboda haka tun daga ranar ban sake taka wurin ba. In zan fita masallaci sai in tattare riga, in manne da katangar maƙwabta, in bi ta bakin kwata a karkace kamar kaguwa, da girmana da gemuna. Babura na bi ta kai, awaki na bi, masu tallan koko na bi, ni ba zan bi ba. Unguwa ta ɗauka adawa nake yi. 'Yan hamayya sun aiko a gaishe ni, wai sun ga jarumtata, suna so in tsaya musu takara. Sabi'u ya daina yi mini magana, yana gaya wa dangi wai baƙin ciki ya hana yayansa taka aikin gwamnati. Na bar su a haka. Ya fi mini sauƙi a ce ni ɗan adawa ne da in tsaya a lungu in yi bayani.

Da safe, in ba kowa, nakan ɗan rage tsawo daidai wurin kamar mai gyara takalmi, in ce ina kwana. Ba a amsawa. Amma ke ma ai ba da ƙarfi kike amsawa ba.

Ki huta lafiya, Iya. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya ba ki ɗaki a Aljanna wanda ba wanda zai zo ya gyara. In kin samu bango mai kyau a can ki jingina sosai, don in Allah Ya sa na iso, in san ƙofar da zan durƙusa.

Ɗanki,
Malam Habibu, mai bin gefen kwata,
Zaitawa, cikin birni.